Giselle ta Akram Khan: An Nuna Katanga, An Ƙyale Masu Katangar

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya ya san wannan labarin tun kafin a ɗaga labule. Ɗan sarauta ne ya tuɓe kayan gidansu ya yi shigar talakawa, ya shiga ƙauye ya sace zuciyar wata yarinya, alhali an riga an yi masa baiko da 'yar babban gida irin nasu. Ranar da asiri ya tonu sai ya sunkuyar da kai ya koma cikin danginsa, ita kuwa ta haukace ta faɗi ta mutu. Wannan shi ne kashin farko na Giselle, wadda ake furtawa Jizel, ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin rawar bale da har yau ake yi. Bale dai rawa ce ta Turawa da ake ba da labari a cikinta da jiki da kiɗa kawai, ba a furta ko kalma ɗaya. An fara nuna Giselle a birnin Faris ranar 28 ga Yuni, 1841. Adolphe Adam ya rubuta kiɗan, Jean Coralli da Jules Perrot suka tsara rawar, Carlotta Grisi ta fito a matsayin yarinyar.

Ƙungiyar English National Ballet da ke Landan ce ta ba Akram Khan aikin sake gina wasan daga tushe. An fara nuna nasa a Manchesta a watan Satumba na 2016, aka kuma ɗauki fim ɗinsa a Libaful a 2017, Tamara Rojo a matsayin Giselle, James Streeter a matsayin Albrecht, Jeffrey Cirio a matsayin Hilarion, Stina Quagebeur kuma a matsayin Myrtha. Wannan fim ɗin na kalla sau da dama, na kuma jera shi da tsohuwar sigar kamar yadda ƙungiyar Royal Ballet take yin ta. Ra'ayina a taƙaice shi ne, Khan ya yi aikin da zai daɗe ana kallo, kuma kashinsa na biyu yana cikin abubuwa mafi tayar da tsigar jiki da na taɓa gani a dandamali. Sai dai ya ɗaga wata babbar tambaya a kashin farko, da ya zo kashi na biyu kuma sai ya amsa wata daban.

Abin da tsohuwar take faɗa

Kafin a gane abin da Khan ya canza, dole a san abin da ya tarar. A tsohuwar sigar, labarin yana faruwa ne a wani ƙauyen Jamus lokacin girbin inabi. Akwai Hilarion, mai gadin daji, talaka kamar Giselle, wanda yake sonta ita kuma ba ta kula shi. Shi ne ya gano takobin Albrecht a ɓoye, takobin da talaka ba ya riƙe irinsa, ya busa ƙahon farauta ya tara manya da ƙanana ya nuna musu. Sai ga Bathilde, wadda aka yi wa Albrecht baiko da ita, ta fito tana tambayarsa me ya sa shi cikin waɗannan tsummokara. Shi kuma ya yi murmushi ya sumbaci hannunta, kamar dai wasa ne ya ƙare.

Kashi na biyu a daji yake, da tsakar dare, a bakin kabarin Giselle. Nan ne fatalwowin da ake kira Wili suke fitowa, 'yan matan da suka mutu kafin ranar aurensu, cikin fararen kaya, ƙarƙashin sarauniyarsu Myrtha. Duk namijin da suka kama sai su sa shi rawa har ransa ya fita. Hilarion suka fara kamawa. Ya roƙa, ya durƙusa, suka gajiyar da shi suka jefa shi tafki. Da aka zo kan Albrecht sai Giselle ta shiga tsakani, ta riƙa taya shi rawar tana jan lokaci har ƙararrawar asuba ta kaɗa, ƙarfin fatalwowin ya karye.

Kyan wannan kashin ba ya ɓoyuwa. Akwai wurin da sahu biyu na fatalwowi suke ratsa juna, kowace ta ɗaga ƙafa ɗaya a baya tana ɗan tsalle a kan ɗayar, kai a miƙe, fuska ba walwala. Mutum yana kallo zai ji kamar injin saƙa ne ke tafiya. Amma idan aka ajiye kyan aka yi lissafi, ga abin da ya rage: wanda ya faɗi gaskiya ya mutu, wadda aka yaudara ta mutu, wanda ya yi yaudarar ya kwana da ransa. A ƙarshen wasan na 1841 ma har Bathilde takan fito, Giselle ta yi wa Albrecht nuni da ya koma gare ta. Daga baya aka daina nuna wannan ƙarshen, amma Alexei Ratmansky ya dawo da shi a sigar da ya shirya wa Bolshoi a Mosko a 2019, bayan ya bi tsofaffin rubuce-rubucen rawar. Wato yafiyar Giselle ba ran saurayinta kaɗai ta ceta ba, har tsarin gidan sarauta ta mayar inda yake.

Mai karatun da ya sha ganin jarumar littafi ana ce mata ta yi haƙuri, wata rana sai labari, zai gane wannan lissafin. Yafiya abu ne mai girma, ba a musu. Tambayar da adabi ya kamata ya riƙa yi ita ce, wa ake nema ya yafe kullum, kuma wa ke cin ribar yafiyar.

Katangar Khan

An haifi Akram Khan a Landan a 1974, iyayensa 'yan Bangladash ne. Bai tashi a cikin bale ba. Rawar kathak ta arewacin Indiya ya koya tun yana yaro, rawar da ake buga tafin ƙafa a ƙasa ana juyi kamar katantanwa, daga baya ya haɗa da rawar zamani. Bale kullum sama take nema, kamar jiki ba shi da nauyi. Kathak kuwa ƙasa take dannawa. Wannan saɓanin shi ne jarin da ya shigo da shi.

Da labule ya buɗe, ba ƙauye, ba inabi, ba bukka mai fure a ƙofa. Wata ƙatuwar katanga ce, wadda Tim Yip ya zana, jama'a sun juya mana baya suna tura ta da hannuwa. Jikinta duk shatin tafukan hannu ne, alamar wasu sun tura kafin su. Waɗannan mutanen baƙin haure ne, ma'aikatan masana'antar ɗinki da aka rufe, aka bar su a waje. A bayan katangar masu dukiya suke zaune. Wanda ya tuna ginin Rana Plaza da ya rufta a kusa da Dhaka ranar 24 ga Afrilu, 2013, ya kashe mutum sama da 1,100, akasarinsu masu ɗinkin tufafin da ake sayarwa a kantunan Turai, ya san daga inda wannan hoton ya fito.

Rawar taron ita ce ƙarfin kashin farko. Suna ratsa dandamali a duƙe, suna sukuwa kamar garken dabbobi da aka koro, hannuwa na kai da komo kamar ƙoshiyar masaƙa. Kiɗan Vincenzo Lamagna yana ɗauko guntayen waƙar Adam ya nutsar da su cikin ƙarar ƙarfe da ganguna, wani lokaci kuma ya yi tsit na tsawon lokaci har ka ji numfashin 'yan rawa. Sannan sai jiniya ta yi kuka, katangar ta juya a hankali, masu dukiya suka fito. Ba sa rawa. Tafiya kawai suke yi, sannu-sannu, cikin tufafin da faɗinsu ya isa ya hana mutum matsowa kusa. A nan Khan ya yi abin da tsohuwar sigar ba ta yi ba. A tsohuwar, Giselle takan shafa rigar Bathilde cikin sha'awa, irin ta 'yar ƙauye da ta ga alharini. A ta Khan, ta taɓa rigar ne domin ta gane ta: ɗinkin hannunta ce. Da motsi ɗaya ya mayar da sha'awa ta zama tuhuma.

Rojo ta fito da Giselle mai taurin kai. Lokacin da Bathilde ta saki safar hannunta ƙasa da gangan, Hilarion ya bi mutanensa yana danna musu kai su rusuna, ita ta ƙi. Akwai kuma inda ta kama hannun Albrecht ta ɗora a kan cikinta, abin da ya nuna ba zuciya kaɗai aka yi wasa da ita ba. Rojo ta haura arba'in lokacin da aka ɗauki fim ɗin, kuma ba ta yi ƙoƙarin zama 'yar shekara sha shida ba. Mace ce da ta san abin da take so, wannan ya sa faɗuwarta ta fi ciwo.

Inda kashin farko ya yi rauni shi ne wajen ba da labari. Tsohuwar bale tana da yaren nuni da hannu: a nuna yatsan zobe ana nufin aure, a gicciye hannuwa a ƙasa ana nufin mutuwa. Khan ya zubar da wannan yaren, bai kuma kawo cikakken madadinsa ba. Wanda bai karanta taƙaitaccen labarin ba zai daɗe bai gane cewa Albrecht daga bayan katanga ya fito ba, domin ba a nuna mana sauya kayansa, ba takobi, ba wata shaida. Fim ɗin yana rufa wannan asirin, saboda kyamara tana matsowa kusa da fuska ta nuna maka wanda za ka kalla. Mai zama a kujerar baya a zaure ba shi da wannan gatan, balle da yake hasken Mark Henderson da gangan aka rage shi.

Sanduna da gashi a sake

Kashi na biyu kuwa ba ni da abin cewa sai yabo ta fuskar rawa. Kangon masana'anta ne, fatalwowin kuma matan da suka mutu a bakin aiki. Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda Khan ya ɓoye takalmin tsayuwa a kan yatsu har sai da aka zo nan. A bale ta gargajiya wannan tsayuwar ado ce, alamar rashin nauyi. Shi kuwa ya bar rayayyu suna taka ƙasa da tafin ƙafa, ya ajiye kan yatsu domin matattu. Myrtha ta shigo a kan yatsunta tana jan gawar Giselle a ƙasa, ta yi ta fama da ita har ta miƙe, ta ɗaga ta a kan yatsu. Ganin Rojo tana rawar ɗari a kan ƙafafun, kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, sai ka fahimci cewa hawa yatsun shi ne mutuwar. Tun da nake kallon bale, nan ne na fara ganin wannan tsayuwar ta zama magana a cikin labari.

Fatalwowin sun fito da gashi a sake har baya, riguna sun yage sun yi dauɗa, kowace da doguwar sandar gora. Suna buga sandunan a ƙasa tare, suna cije su a baki, suna nuna mutum da su kamar masu. Quagebeur doguwa ce, ta kuma yi amfani da tsawonta, tana lanƙwasa a kan Giselle kamar ungulu a kan reshe. Amma ba muguwa kawai ta fito ba. A fuskarta akwai gajiyar wadda ta daɗe tana riƙe da fushin mutane da yawa.

Haɗuwar Giselle da Albrecht a wannan kashin tana da taushi. Yana rungumarta tana zamewa, tana taɓa fuskarsa kamar mai son tabbatarwa. Myrtha ta miƙa mata sanda ta soke shi, ta ƙi. A ƙarshe sandar ta tsaya tsakanin cikin Giselle da na Myrtha, suka ja da baya tare suka ɓace cikin duhu. Katangar ta sauko, Albrecht ya rage shi kaɗai a wajenta, a gefen masu shatin hannu.

Wa ya biya bashin

A aikina na rubuta manhajar kwamfuta, sau da yawa akan ce a rushe tsohon tsari a gina sabo. A canza fuska, a canza yaren da aka rubuta shi, kowa ya yi murna. Bayan an gama sai a tarar wata tsohuwar ƙa'ida ta bi ta ƙarƙashi ta shigo sabon, domin ba wanda ya lura da cewa zaɓi ce wani ya yi tun farko, kowa ya ɗauka haka abin yake. Irin wannan na gani a Giselle ta Khan. Ƙa'idar 1841 ita ce talakan namiji ya mutu, ɗan babban gida ya rayu, manya kuma ko ƙura ba ta taɓa su. Khan ya canza ƙauye, ya canza kiɗa, ya canza rawa, wannan ƙa'idar kuwa tana nan daram.

Har ma ya ƙara mata ƙarfi. Hilarion ɗinsa dillali ne, mai shiga tsakanin bayin Allah da masu katanga, yana sanye da 'yar hular Turawa da ya samo daga wajensu, yana kwaikwayon tafiyarsu. Cirio ya yi rawar kamar ba ƙashi a jikinsa, yana birgima yana miƙewa kamar kyanwa, kuma duk lokacin da yake dandamali shi ido ke bi. A ƙarshen kashin farko, uban masu dukiya ya ba da umarni, taron ya kewaye Giselle yana juyawa kamar guguwa, da suka watse sai gawa. A kashi na biyu sai aka maimaita mutuwar a gabanmu, aka nuna hannun Hilarion a ciki. Saboda haka idan fatalwowi suka kashe shi da sanduna, mai kallo ba ya jin an yi zalunci. A tsohuwar sigar mutuwar Hilarion ƙaya ce da take soke mai tunani, domin laifinsa bai kai nan ba. Khan ya cire ƙayar.

To ina wanda ya ba da umarnin? Ya koma bayan katanga shi da Bathilde, ba a sake ganinsu ba. Matan da masana'anta ta kashe sun tashi daga kabari da sanduna, amma fushinsu bai wuce kan ɗan aike da saurayi ba. An fi ƙarfin jaki, an koma dukan taiki. Ana iya kare Khan a ce ai haka duniyar take, mai katanga ba ya zuwa kangon da fatalwa take, kuma Albrecht ya rasa gida ya rasa masoyiya, wanda hukunci ne da tsohuwar sigar ba ta yi masa ba. Na yarda da rabin wannan. Da wasan ya nuna ya san da wannan giɓin, ko da fatalwa ɗaya ce ta juya ta buga sandarta a jikin katangar, da sai in ce ganganci ne mai ma'ana. Amma kashi na biyu ya mance da siyasar da kashin farko ya kafa, ya koma labarin masoya biyu. Katangar da aka buɗe wasa da ita ta zama bango kawai.

Dada Masilo, 'yar Soweto a Afirka ta Kudu, ta bi wata hanyar a tata Giselle ta 2017. Ta mayar da labarin ƙauyen Afirka, Myrtha ta zama boka mai riƙe da izga, fatalwowin maza da mata cikin jajayen kaya, Giselle kuma ba ta yafe ba, da bulala ta gama da Albrecht. Masilo ta rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, tana da shekara 39. Ba ina cewa ramuwa ta fi yafiya ba. Abin da aikinta ya tabbatar shi ne ƙarshen labarin ba wahayi ba ne, ana iya taɓa shi. Khan ya taɓa komai ban da shi.

Ƙungiyar bayan Rojo

Rojo ce ta jawo Khan cikin bale. Ta karɓi shugabancin English National Ballet a 2012 tana kuma ci gaba da rawa, ta fara gwada shi da gajeren wasan Dust a 2014 kafin ta damƙa masa Giselle. Kasada ce babba ga ƙungiyar da aka kafa a 1950, wadda take yawo gari-gari, kuma kuɗin shigarta ya dogara sosai ga tsofaffin wasanni irin Nutcracker. Kasadar ta biya: ƙungiyar ta sami lambar Olivier a 2017, wasan kuma ya zaga ƙasashe. Aikin Khan na gaba da su, Creature na 2021, bai sami irin wannan karɓuwar ba wajen masu sharhi.

A Janairun 2022 aka sanar da cewa Rojo za ta koma Amurka ta shugabanci San Francisco Ballet, mace ta farko da ta riƙe wannan kujerar, bayan Helgi Tomasson da ya shekara 37 a kanta. Aaron Watkin, ɗan Kanada da ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar bale ta Dresden a Jamus, ya gaje ta a 2023. Waɗanda aka ƙera wasan a jikinsu ma sun watse. Cesar Corrales, Hilarion na daren farko, ya koma Royal Ballet a 2018. Alina Cojocaru, Giselle ta daren farko, ta bar ƙungiyar a 2020. Isaac Hernández da Jeffrey Cirio duk sun koma Amurka a 2022.

Wannan ba ƙaramin labari ba ne, domin rawa ba littafi ba ce da za a ajiye a kanta a dawo a tarar da ita yadda take. A jikin mutane take zaune, daga jiki kuma take wucewa zuwa jiki. Giselle ta 1841 ma ta ɓace daga dandamalin Faris shekaru da dama, a Rasha ta rayu a hannun Marius Petipa, kuma abin da ake kira tsohuwar siga yau ta hannunsa ta biyo. Ƙungiyar ta dawo da wasan Khan zauren Sadler's Wells a Satumban 2024 ƙarƙashin Watkin, tana kuma riƙe da sigar gargajiya ta Mary Skeaping da take yi tun 1971. Ƙungiya ɗaya da Giselle biyu, 'yan rawa ɗaya suna fatalwa da farar riga a wannan kakar, da sandar gora a waccan.

Nan ne nake ganin sauran fata. Sabon Hilarion yana iya rage mugunta ya ƙara tsoro, ya nuna mutumin da yunwa ta mayar karen farauta. Sabuwar Myrtha tana iya ɗaga ido ta dubi katangar kafin ta ɓace. Irin waɗannan ƙananan zaɓin su suka sauya tsohuwar Giselle cikin shekara fiye da 180, ba tare da an canza labarin a takarda ba.

Wanda zai kalla, shawarata ya fara da tsohuwar, ko da kashi na biyu ne kawai, sannan ya zo ga ta Khan. Ya sa abin sauraro a kunne, domin rabin wasan a cikin kiɗan da shirun yake, lasifikar waya kuma tana cinye su. Idan an zo wurin da jiniya ta yi kuka katanga ta juya, ya ƙirga mutanen da suka fito daga bayanta, ya kuma duba nawa ne daga cikinsu suka sake bayyana kafin a sauke labule.